Ra'ayi: Lezar da ke haƙa ko'ina kashe wasa take yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu haƙa rijiya a Tsiga, ko a wani gari na ƙaramar hukumar Bakori, ya san aikin ya wuce ƙarfin damtse. Ƙasar sama tana da laushi, diga na shiga ba gardama. Da an ɗan yi nisa sai a iske marmara, a nan diga ke fara tsalle tana dawowa. Wani wurin yashi ne, ana haƙawa yana ruftowa. Wani wurin kuma dutse za a tarar, dole a ajiye kayan aiki a yi shawara: a fasa shi ne, ko a bar ramin a sake wuri? Ga na sama riƙe da igiya yana janye ƙasa, domin duk abin da aka haƙo sai an san inda za a zuba shi. Shi kuma na cikin rami, tun kafin ya yi zurfi yake tanadin yadda zai fito.

A ce yau wani ya miƙa wa mai haƙar nan wata na'ura mai hasken leza, wadda ke narkar da ƙasa da marmara da dutse duk ɗaya, ba ta gajiya, ba ta barin ɓaraguzai. Mutanen unguwa za su yi murna, domin kafin azahar sun samu ruwa. Sai dai daga ranar babu sauran gwaninta a aikin, ƙaramin yaro ma zai iya.

Wannan ita ce matsalar da ke jiran duk matashin da ya zauna zai haɗa gem na wasa ƙwaƙwalwa, ya kuma yanke shawarar ba ɗan wasansa bindigar leza ta haƙa. Yanzu abin ba ya da nisa da matasan Funtua da Malumfashi, tunda manhajojin haɗa wasa irin su Godot da GDevelop ana samun su kyauta, kuma suna da nau'in da ke aiki a wayar Android. Zana hasken leza da sa shi ya yi ƙara mai daɗi aikin yini ɗaya ne. Abin da ke cin makonni shi ne yanke hukunci a kan abin da lezar ba za ta iya yi ba. Matsayar wannan rubutu ita ce: wasan yana cikin waɗannan hane-hane, kuma dole su kasance a bayyane, su tsaya yadda suke daga matakin farko zuwa na ƙarshe, kada kuma kuɗi ya iya ɗage su.

Darasin da aka bari tun 1983

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1983 kamfanin Broderbund na Amurka ya fitar da wani wasa mai suna Lode Runner, wanda Doug Smith ya ƙirƙira. Ɗan wasan yana yawo yana tattara zinare, masu gadi na bin sa, ga tsani ga igiyoyin tsallakawa. Ba ya iya tsalle, ba ya iya harbin kowa. Makaminsa guda shi ne bindigar huda ƙasa, wadda aka tallata a matsayin bindigar leza.

Dokokin bindigar kaɗan ne. Tana haƙa gurbi ɗaya, a ƙasan dama ko a ƙasan hagu, ba ta haƙa inda mutum yake tsaye. Bulo kawai take ci, ba ta taɓa kankare. Ramin da aka haƙa yana cikewa da kansa bayan ɗan lokaci. Idan mai gadi ya faɗa ciki zai maƙale, har a iya bi ta kansa a wuce. Idan ramin ya rufe da shi ya mutu, sai wani ya sake fitowa daga sama. Idan kuma ɗan wasan ne ya faɗa ramin da ya haƙa, ƙasan a toshe, to shi ke nan, yana kallo zai rufe da shi. Hausawa sun riga sun faɗa: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Daga waɗannan 'yan dokoki aka fitar da matakai 150, aka kuma haɗa da wurin da mai wasa zai zana nasa matakin. Abin da ya fi burgewa shi ne lissafin da dokar "ba a haƙa ƙasan ƙafa" ta haifar. Idan zinare na ƙarƙashin layin bulo uku, ba yadda za a yi a nufe shi kai tsaye. Sai an buɗe gurbi uku a layin sama, a sauka ciki a buɗe biyu a layi na biyu, a sake sauka a buɗe ɗaya a na uku, kuma duk a gama kafin na farko ya cike. Babu wanda ya rubuta wannan dabara a fuskar kwamfuta. Mai wasa ne ke gano ta da kansa, kuma daɗin ganowar shi ne abin da ake saya. Da an bar bindigar ta haƙa ƙasan ƙafa, da wannan lissafi gaba ɗaya bai wanzu ba.

Sauran wasannin haƙa da suka yi suna duk haka suke. A Boulder Dash na 1984, haƙa ba ta da wuya, amma duk ƙasar da aka cire tana iya sakin dutsen da ke kanta ya murƙushe mutum ko ya toshe hanya. Waɗanda suka yi zamanin ƙananan wayoyin Nokia za su tuna Diamond Rush na kamfanin Gameloft, wanda shi ma a kan faɗowar duwatsu ya ginu. A Mr. Driller na Namco, wanda ya fito a 1999, iskar shaƙa ce ke raguwa yayin da ake nutsawa. A Where's My Water? na Disney, na 2011, da yatsa ake haƙa wa ruwa hanya zuwa wurin wani kada mai son wanka, amma yatsa ba ya cin dutse, kuma ƙasar da aka cire ba ta dawowa. Ko Minecraft, da ake ganin kamar an sakar wa mutum mara, yana da tsani: digar katako ba ta ciro lu'ulu'u, sai ta ƙarfe, kayan aiki na lalacewa, yashi da tsakuwa na zubowa, can ƙasa kuma akwai shimfiɗar da ba ta fasuwa a wasan da aka saba bugawa.

Dara ta riga kwamfuta sanin haka

Ba sai an je Amurka ko Japan ba kafin a fahimci wannan. Dattawan da ke zama gindin bishiya bayan an kai amfanin gona gida suna da wasan da shi ma da haƙa ake fara shi. Ana tona gurabe 30 a ƙasa, layi biyar a shida, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wani da tsinke wani da tsakuwa. Idan an gama zubi, gidaje shida kacal ke saura babu kowa. A wannan ƙuncin ake wasan.

A yadda aka fi buga dara, ba a yarda mutum ya jera uku tun lokacin zubi ba. Ɗa yana matsawa gida ɗaya ne, ba ya bi ta kusurwa. Jeri uku ne ke ci, jeri huɗu ba ya ci. Wanda bai san wasan ba zai ce me ya sa huɗu, da ta fi uku yawa, ba za ta ci ba? Amsar ita ce wannan hani shi ke sa gwani ya riƙa lissafin inda ɗansa na huɗu zai tsaya don kada ya ɓata masa ci. Akwai 'yan bambance-bambance daga gari zuwa gari, amma abu ɗaya bai canzawa: ana daidaita doka kafin a fara, kuma ba a sauya ta a tsakiyar wasa don wani ya ga dara za ta ci gida. Mai haɗa gem da ya riƙe wannan ya riga ya samu rabin karatun.

Tambayoyi biyar kafin a taɓa kwamfuta

A ɗauka wani matashi a Tsiga yana son haɗa wasan da jaruminsa mai haƙa rijiya ne, burinsa a kowane mataki ya kai ga ruwa. Ga abubuwan da ya kamata ya yanke, da kuma ɓangaren da ya fi dacewa ya bi.

Na farko, me lezar ke ci, me ba ta ci? Iri huɗu sun isa: jar ƙasa da ke tafiya da harbi ɗaya, marmara mai cin biyu, yashi mai zubowa idan an cire abin da ke ƙarƙashinsa, da dutse wanda ba ya huduwa ko kaɗan. Wanda ya tashi a karkara ba ya buƙatar dogon bayani a kan waɗannan, ya san halinsu tun yana yaro. Kuma kowane iri ya zama yana da zanensa daban, kada a dogara da launi kaɗai. Da yawa daga masu wasan a rana suke, da hasken waya a rage don tattalin caji, wasu ma gilashin a tsage.

Na biyu, ina take nufa, kuma ina iyakarta? Haske a miƙe yake tafiya, wannan kowa ya yarda da shi, don haka kada lezar ta lanƙwasa. A ba ta kusurwa huɗu kawai, sama, ƙasa, dama da hagu, da iyakar gurbi biyu ko uku. Barin mai wasa ya auna kowace kusurwa da yatsa yana da kyau a ido, amma yana jawo gardamar "ai na saita daidai", kuma yana sa mai zana matakin ya kasa sanin duk hanyoyin da za a iya bi. In ana son ƙari daga baya, sai a kawo madubi mai juya hasken, domin shi ma abu ne da hankali ke karɓa ba tare da an yi bayani ba.

Na uku, me ake biya a kan kowane harbi? Akwai hanya biyu: ko bindigar ta riƙa zafi sai an jira ta huce, ko a ba ta batir mai adadi. A wasan ƙwaƙwalwa batir ya fi. Jira ba tunani ba ne, mai haƙuri zai ci kowane mataki ko bai fahimci komai ba. Amma idan aka ce harbi shida ne a wannan mataki, kowane ɗaya ya zama shawara.

Ga misali. Ruwa na ƙarƙashin gurbi biyar: jar ƙasa uku, marmara biyu. Idan aka nufe shi kai tsaye ana buƙatar harbi bakwai, batir kuma shida ne. A gefe akwai tulin yashi mai gurbi uku, ƙarƙashinsa jar ƙasa ɗaya, ƙarƙashinta kuma wani kogo. Wanda ya lura zai huda wannan jar ƙasa guda daga gefe, yashin ya zube cikin kogon, hanya mai tsawon gurbi uku ta buɗe da harbi ɗaya tak. Yashin da ake gudu ya koma mataimaki. Wannan matakin ba zai yiwu ba sai da iyakar batir.

Na huɗu, ramin yana dawowa ko ya tafi ke nan? Duka biyun suna aiki, amma a zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Idan zai cike, to a ƙirga da taku, kada a ƙirga da daƙiƙa: a ce bayan taku biyar ramin zai rufe. Lode Runner ya yi amfani da lokaci ne saboda da madannai da sandar wasa ake buga shi. A fuskar waya yatsa na zamewa, ƙaramar waya na iya daskarewa na ɗan lokaci, kira na iya shigowa. Bai dace mutum ya faɗi mataki saboda wayarsa ta dubu arba'in ce ba ta dubu ɗari huɗu ba. Ƙirga taku yana daidaita mai tsadar waya da mai araha.

Na biyar, idan mutum ya rufe kansa fa? Duk wasan haƙa yana da wannan haɗari: a shiga rami, batir ya ƙare, ba gaba ba baya. Kuskuren ba laifi ba ne, shi ne ma malamin. Laifin shi ne a bar mutum yana ta kai-kawo minti biyar bai san matakin ya riga ya mutu ba. A sa madannin komawa baya taku ɗaya, da na sake farawa, a fili kuma kyauta. Wanda ya san zai iya janye kuskurensa shi ke da ƙarfin halin gwada dabarar da ba a saba ba.

Inda kuɗi ke ɓata lissafi

A nan ne maganar ta shafi har wanda bai taɓa tunanin haɗa wasa ba, shi dai saukewa yake yana bugawa. Yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, kuɗin kuma daga talla yake fitowa ko daga sayen abubuwa a cikin wasan. Candy Crush Saga na kamfanin King, wanda ya fito a 2012, shi ya fi yaɗa salon: rai biyar, kowane ɗaya na dawowa bayan minti 30, ga kuma kayan taimako na sayarwa, har da gudumar da ke fasa abin da ya tsaya wa mutum a hanya. Dubban wasanni sun kwaikwayi wannan.

Jarabar da ke gaban mai haɗa wasan leza a fili take. Batir ya ƙare saura gurbi ɗaya? Kalli talla ka samu harbi uku. Dutse ya tare hanya? Sayi jar leza mai cin dutse. Ranar da aka yi haka, wasan ya daina zama na ƙwaƙwalwa. Matakin yashi da aka kawo a sama ya zama banza, domin babu dalilin neman dabara idan tallar daƙiƙa talatin za ta ba da harbi na bakwai. Mafi muni, mai haɗa wasan zai fara samun riba daga matakin da ba shi da mafita mai kyau, tunda a nan ne mutane ke kallon talla. Daga nan sai ya riƙa zana matakai don su gagara, maimakon don a warware su.

Mai wasa kuma shi ke biya ta hanya uku: datarsa ke sauke bidiyon tallar, cajin da wataƙila a shago ya biya ya yi shi ke ƙonewa, lokacinsa kuma ya tafi ba tare da ya koyi komai ba. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi wa wasan da ke wayarsa. Idan ya faɗi mataki, ya tambayi kansa ko ya san kuskuren da ya yi. In ya sani, wasan na mutunta shi. In kuwa abin da ya gani kawai shi ne saura kaɗan, ga kuma tayin saye ya faɗo a fuskar waya, to aljihunsa ake wasa da shi.

Abin da masu ja za su ce

Akwai hujja biyu da ba za a raina ba. Ta farko, mutane na son jin ƙarfi. Wanda ya wuni a gona ko a shago ba lallai ya so lissafi da dare ba, yana so ne ya danna ya ga duwatsu na tarwatsewa. Gaskiya ne, kuma akwai wasannin da aka yi don haka, ba abin kunya ba ne. Ko a wasan ƙwaƙwalwa ana iya ware mataki ɗaya cikin kowane goma a saki lezar ta yi ɓarna, a matsayin tukuici. Amma daɗin wannan matakin daga ƙuncin tara da suka gabace shi yake zuwa.

Ta biyu ta fi nauyi: mai haɗa wasan ma yana son cin abinci. Ya sayi data, ya sayi fetur ko ya biya caji, ya biya dala 25 na rajistar masu saka manhaja a Google Play. Ce masa kada ya nemi kuɗi rashin adalci ne. Amma akwai abubuwan sayarwa da ba su taɓa doka. Ana iya sa talla tsakanin mataki da mataki. Ana iya ba da matakai 30 kyauta a sayar da sauran. Ana iya sayar da hula ko riga ga jarumin, ko launin hasken lezar. Har alamar taimako ana iya bayarwa bayan talla, wadda za ta nuna inda za a fara dubawa, domin ita tana kai mutum ga dabarar ne, ba ta tsallakar da shi. Layin da bai kamata a ƙetare ba guda ne: lezar mai kuɗi da ta marar kuɗi su zama iri ɗaya a gaban dutse.

A fara a ƙasa

Shawarar ƙarshe ba ta buƙatar data. Kafin a buɗe Godot ko GDevelop, a zana gurabe a ƙasa ko a bayan kwali, takwas a goma, daidai tsayin fuskar waya. Tsakuwa ta zama dutse, ƙwayar masara ta zama yashi, waken suya ya zama marmara. A kira ƙane ko aboki, a faɗa masa dokokin sau ɗaya, a ba shi tsinke shida a matsayin batir, sannan a yi shiru a kalla. Idan dokokin sun fi abin da za a faɗa cikin minti ɗaya, sun yi yawa. Idan ya ci matakin ta hanyar da ba a zata ba, a duba: in dabara ce a bar ta, in ɓaraka ce a toshe. Idan ya ce "ai ban san haka ba ne" bayan ya faɗi, laifin na mai zanen ne. Idan kuma ya dafe kai ya ce a sake jera masa, an kama hanya.

Kamfanoni irin su Maliyo Games na Legas, da aka kafa a 2012, sun nuna ana iya haɗa wasan waya a Nijeriya da kayan gida. Yankin Funtua da Malumfashi ba ya rasa nasa kayan: rijiya, kunyar gona, rumbu, ramin gyare, gidan gara. Matashin da zai mayar da ɗaya daga cikinsu wasa ba zai iya gasa da manyan kamfanoni a kyan hoto ba, kuma ba ya buƙata. Doka huɗu ko biyar masu kyau ba su cin ko sisi, kuma su ne suka riƙe Lode Runner fiye da shekara 40, suka riƙe dara tun kafin a san waya. Ya zauna ya yanke abin da lezarsa ba za ta taɓa ci ba, ya rubuta a takarda, ya kuma ƙi sayar da shi ko nawa aka taya.